Tambaya ta Bakwai a Gidan Baba Toma

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sauka daga kamiyon mahaifina, wato babbar motarsa ta kaya, a wani ƙauye kusa da Kaele ba, da kwat a jikina ana tsakiyar zafin bazara, da tabarau a fuskata, da littafin rubutu a hammata. Yanzu na yi furfura, na aurar da 'ya'ya, amma duk lokacin da ranar nan ta faɗo mini a rai, ko abinci nake ci sai in ajiye lomar.

A lokacin ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, a nan Garwa, zamanin da hoton shugaban ƙasa na farko, ɗan garinmu, yake rataye a bangon kowane aji. A shekarar aka fara koya mana filo, wato falsafa. Wata shida kacal na yi ina jin ta a bakin wani siririn Bature, amma sai na ga tsakanin Binuwai da Tafkin Cadi babu mai kaifin ƙwaƙwalwa kamata. Na je kasuwa na sayi tabarau (idona lafiyarsa ƙalau, gilashin ma irin na taga ne). Na koyi dafa haɓa in ana magana. 'Yan ajinmu suka sa mini suna Filozof. Su ba'a suke yi, ni kuwa na ɗauka naɗi ne.

Mahaifina ɗan kasuwa ne, kakansa ya zo daga Kano da fataucin goro, shi kuma yana sayar da atamfa da gishiri. Mutum ne mai ƙarancin magana. Sau ɗaya na gwada falsafata a zaurensa, na tambayi malamin da ke zuwa yi musu karatu wata magana a kan ƙaddara. Kafin malamin ya amsa, mahaifina ya ɗago ya dube ni, kallon da har yau in na tuna sai in gyara zama. Daga ranar na gane cewa jarumtata ba ta aiki a gida. Sai na kwashe ta kaf na juye wa abokin zamana a benci.

Sunansa Andre, ɗan ƙabilar Mundang ne daga wajen Kaele, Kirista, dogo, mai sanyin murya. A makaranta yake kwana, ranar Lahadi in ya fito daga coci yakan biyo gidanmu ya ci tuwo. Innata tana sonsa ƙwarai, don ba ya barin komai a kwano kuma ba ya shiga gida sai ya yi sallama. Kullum hirarsa da ita ba ta wuce ƙanwarsa Mariya, autarsu mai shekara shida, wadda ya ce ba ta barin kaza ta sha ruwa a gida saboda ƙiriniya.

Ni kuwa hirata da shi ɗaya ce. Yaya Allah zai zama uku kuma ya zama ɗaya? In Yesu Allah ne, to wa yake roƙo sa'ad da yake addu'a? Wanda ba ya mutuwa, yaya aka yi ya mutu? In ba ya sauyawa, me addu'a za ta sauya? Ina jefa masa su a aji, a fili, a hanyar famfo. Wani lokaci ya amsa, wani lokaci ya yi murmushi kawai. Ran da na ishe shi sai ya ce, "Ka ga, ni ɗan makaranta ne kamarka. Babana katikis ne, ya kusa shekara talatin yana koyar da mutane a coci. Ka zo ƙauyenmu ka tambaye shi."

Shi don in ƙyale shi ya faɗa. Ni kuwa na ɗauka an buga mini gangar dambe. Na sami sabon littafi na tsara tambayoyi bakwai, na ja wa kowace layi da jan biro, na jera su daga ƙarama zuwa babba yadda ta bakwai za ta kayar da tsoho warwas. Har gwaji na riƙa yi a gaban madubin Inna in ta tafi unguwa.

Saura kwana goma a yi hutu sai Andre ya ɓace. Aka ce wani ya zo daga ƙauye ya tafi da shi da sassafe. Ban tambayi dalili ba. Abin da na ce wa 'yan aji shi ne, "Ya gudu ya gaya wa babansa ya fara shiri." Suka yi dariya, na ji daɗi.

Da aka yi hutu, kamiyon mahaifina zai kai kaya Kaele, na roƙa aka bar ni in bi. Inna ta ɗauko wani ɗan kallabi da ta yanka daga ragowar atamfa, mai zanen tsuntsaye, ta ninke ta ce, "Ka kai wa 'yar ƙiriniyar nan, ka ce in ji ni." Na cusa shi a aljihun kwat.

Rana ta take muka isa. Direba ya sauke ni a bakin hanya ya ce sai jibi zai biyo ya ɗauke ni. Na tambayi gidan katikis Toma, baban Andre, wata mata ta nuna mini da hannu. A ƙofar gidan akwai babbar bishiyar darbejiya, maza kusan talatin suna zaune a ƙarƙashinta, wasu a tabarma, wasu a bencin da aka ɗauko daga coci. Babu mai hira, babu mai dariya. Wanda ya zo sai ya bi mutane da musafaha ya sami wuri ya zauna. A bayan zana ana jin motsin mata da ƙarar tukwane, amma babu hayaniyar yara.

Duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan, ko bai taɓa shiga aji ba, ya san ma'anar irin wannan zaman. Ni da na karanta falsafa ban gane ba. Da na ga sun yi tsit suna kallona, wallahi abin da ya zo mini shi ne kwat ɗina ce ta yi musu kwarjini.

Wani dattijo ya miƙe daga tsakiyarsu, gajere, siriri, da farar riga wadda ta sha wanki. Ya gaishe ni da Fulatanci, da ya ji sunan unguwarmu sai ya juya Hausa, Hausa mai kyau kuwa. Daga baya na ji cewa a tashar jiragen ruwa ta Garwa ya koye ta, sa'ad da yake dako yana saurayi. Shi ne Baba Toma. Ya riƙe hannuna da hannuwansa biyu.

"Kai ne abokin Andre mai tambayoyi. Sannu da hanya, ɗana. Ashe labari ya kai muku."

Na ce, "Ai ya daɗe da gaya mini, Baba."

Ya ɗan dube ni kamar bai gane ba, sa'an nan ya ce Andre ya raka wasu baƙi bakin hanya, yanzu zai dawo. Aka ba ni benci, aka kawo mini ruwa a ƙwarya. Na sha, na goge baki, na duba na ga taro ya cika, na ce a raina wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Na miƙe tsaye (har da gyara wuyan kwat), na buɗe littafi.

"Baba, in kun yarda, ina da 'yan tambayoyi a kan Allah kamar yadda kuke koyarwa."

Ya dubi littafin. Sa'an nan ya ce, "To, yi."

Na fara da maganar uku da ɗaya. Ina yi da Hausa ina cakuɗa Faransanci don a san na je makaranta, wani malamin firamare da ke gefe yana fassara wa tsofaffi da Mundang ƙasa-ƙasa. Baba Toma ya ce, "Nakan ba mutane misalin rana da haskenta da zafinta. Amma misali ne kawai, abin ya fi kaina girma." Na rubuta a gefen shafi cewa ya kasa. Na tambaye shi ko Allah zai iya halittar dutsen da shi kansa ba zai iya ɗagawa ba. Ya ce, "Ban taɓa jin ya nemi irin wannan dutsen ba." Na rubuta cewa ya kauce. Na uku, na huɗu, yana amsawa a taƙaice, muryarsa tana ƙara yin ƙasa, ni kuma tawa tana ƙara tashi. A tambaya ta biyar na lura malamin firamaren ya daina fassara. A ta shida wani ya ja ƙafar wandona. Na ɗauka so yake in rage sauri, sai na yi masa alama da hannu cewa na kusa gamawa.

Na juya shafi na zo kan ta bakwai.

"Baba, kuna cewa Allah ƙauna ne. Kuna cewa kuma mai iko duka ne, ya san komai. To ga shi ana fama da sanƙarau a ƙasar nan bana. Mu ɗauki misali. A ce yarinya ce ƙarama wadda ba ta san zunubi ba. A ce ma Mariyarku ce, ƙanwar Andre. Ciwo ya kama ta, wuyanta ya sandare, uwarta ta durƙusa tana roƙo, ku kuna roƙo, coci duka yana roƙo, amma ta mutu. To ina ƙaunar? Ko dai yana so ya cece ta ya kasa, ko kuma zai iya amma bai so ba. Ku zaɓi ɗaya."

Na rufe littafin da ƙarfi, yadda na gwada a gaban madubi.

 Sai daga bayan zana wata mata ta saki wani irin kuka, ba mai ƙarfi ba, kamar wadda aka danne wa ƙirji. Ashe akwai masu jin Hausa a cikin matan. Samari biyu suka miƙe. Na waiwaya, sai ga Andre tsaye a bayana, ya rame, idanunsa sun yi ja. Ban san tun yaushe yake wurin ba.

Ya ce, "Shekaranjiya muka binne ta. Sanƙarau ne."

Na so ƙasa ta tsage. Gumi ya rufe tabarau ɗin har ba na ganin kowa. Littafin ya suɓuce ya faɗi. Kuma kun san abin da ya fito daga bakin Filozof a wannan lokacin? Cewa na yi, "Ai... ai misali ne."

Ɗaya daga cikin samarin ya yo kaina, Baba Toma ya ɗaga hannu ya faɗi kalma ɗaya da yarensu, saurayin ya koma ya zauna. Tsohon ya sunkuya ya ɗauki littafina, ya kaɗe masa ƙasa, ya miƙo mini.

"Zauna, ɗana. Ba ka sani ba. Na gane tun a tambaya ta biyu, na ce bari ka gama sai in gaya maka a hankali. Laifina ne da ban tsayar da kai ba."

Na zauna. Ya ci gaba.

"Ka ce in zaɓi ɗaya. Ba zan iya ba. Tambayar nan taka, kwana uku ke nan ina yi wa Allah ita, bai ba ni amsa ba. Na je gidajen mutane da yawa da suka rasa 'ya'ya, na buɗe Littafi na karanta musu, na ɗauka na san abin da nake faɗa. Ashe ban sani ba." Ya share fuska da tafin hannu. "Ɗazu ka tambaye ni yaya Allah zai sha wuya, yaya zai mutu. Na san a wurinku wannan magana ba ta dace da girmansa ba, ban kuwa ce ka yarda ba. Amma mu abin da muka gaskata shi ne ba daga nesa yake kallonmu ba. Shi ma ya ga nasa Ɗan yana kira a kan gungumen da aka gicciye shi, bai sauke shi ba. Ko wannan amsa ce, ban sani ba. Ita kaɗai dai na samu na riƙe, da ita nake tashi da safe."

 Sa'an nan ya juyo gare ni sosai.

"Ku a wurinku, in mutum ya rasa ɗa ƙarami, me kuke ce masa?"

Ni da na jera tambayoyi bakwai ba tare da na yi tuntuɓe ba, wannan 'yar magana da na ji sau ɗari a zauren mahaifina ta gagare ni. Da ƙyar na ce, "Mukan ce... Allah ya ba ku haƙuri. Allah ya sa mai ceto ce."

Na san a addininsa mai ceto ɗaya ne. Da ni ne shi, da nan take na buɗe sabon babi. Shi kuwa bai gyara mini ko harafi ba. Ya ce, "Amin. Na gode, ɗana. Ka yi gaisuwa ke nan."

A nan kuka ya ƙwace mini, ƙato da ni, a gaban mutanen da na zo in burge. Na cire tabarau na sa a aljihu, sai hannuna ya taɓa kallabin Inna.

Da akwai mota da a take na gudu. Amma kamiyo sai jibi, dole na zauna a gidan da na yi wa wannan aika-aika, ina cin tuwonsu. Da la'asar ta yi, ba tare da na tambaya ba, aka kawo mini ruwa a buta da sabuwar tabarma, wani tsoho ya nuna mini gabas. Mahaifiyar Andre da kanta ta kawo mini tuwon dawa da miyar yakuwa, ta ajiye ba ta dube ni ba. Na rasa yadda zan yi da kallabin. In ɓoye shi, na ci amanar Inna. In bayar, na fama ciwo. Da ta zo ɗaukar kwano na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu, na ce da Fulatancina mai rauni, innata ce ta aiko wa yarinya, ba ta sani ba. Ta warware shi ta daɗe tana kallon tsuntsayen. Ta ce, "Da ta so shi." Ta ninke ta cusa a ƙugunta, ta ɗauki kwanon ta shige.

Andre bai yi mini magana ba sai washegari da hantsi. Ya ce in zo, muka bi ta gefen gonar auduga da aka riga aka girbe, har wurin wani ɗan tudun ƙasa da aka kafa wa itace biyu a gicciye. Ƙanƙantar kabarin ce ta fi tsaya mini a rai. Na fara ba shi haƙuri, ina inda-inda, ya katse ni.

"Ka san ni ma na yi wa Baba tambayar nan? Ranar da muka dawo daga nan na yi masa ita, da ihu ma. Ba tambayar ce ta ɓata mini rai ba." Ya tsuguna ya gyara itacen da ya karkace. "Ni ƙanwata ce. Kai misalinka ce."

Ya miƙe, na bi shi muka koma gidansu.

Muna isa Garwa, direba, wanda ya tsinci labarin a kasuwar Kaele, ya riga ni zuwa wurin mahaifina ya kai masa. Na shiga zaure ina jiran duka. Bai ɗaga hannu ba. Ya ce, "Ko jaki in ya iske mutane sun yi jugum yakan rage kuka." Inna kuwa da ta ji Mariya ta rasu sai ta zauna a bakin murhu tana hawaye a kan yarinyar da ba ta taɓa gani ba.

Mako na zagayowa mahaifina ya rufe shago, abin da ba ya yi sai ranar salla. Ya ɗauki ƙwaryar goro da buhun gero da sukari, ya shiga gaban kamiyo, ni aka jefa ni baya cikin kaya. Ya je ya zauna da Baba Toma a ƙarƙashin darbejiyar nan, ya yi masa ta'aziyya yadda ake yi, ya ce, "Yaron nan nawa ne, kunyar tawa ce." Baba Toma ya ce, "Ai yaro na kowa ne, Alhaji." Daga nan suka yi rabin yini suna maganar jinkirin ruwa da kuɗin auduga da yadda Binuwai take cika a da. Alhaji da katikis, babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa Allah nawa ne.

Ni da Andre mun gama makaranta tare, ya tafi Yawunde ya karanta aikin likitan dabbobi, ni na gaji shago. Ba mu rabu ba, 'ya'yansa suna kirana baffa. Amma ba mu ƙara yin gardamar addini ba, kuma bai ƙara ambatar sunan Mariya a gabana ba har yau. Wannan shi ne abin da na yi asara, na kuma san ni na jawo. Baba Toma ya rasu bayan wasu shekaru. Na je, na bi mutane da musafaha, na sami gefen tabarma na zauna yini guda, ban ce komai ba ban da gaisuwa.

Tambayoyin ba su mutu ba, masu ilimi na can suna ta fama da su, Musulmi da Kirista, kuma ban ce a daina ba. Ni dai abin da na tsira da shi daga falsafa bai fi cikin cokali ba: in ka isa wuri ka ga mutane sun yi tsit suna kallonka, kada ka yi saurin cewa kwarjininka ne. Tambayi lafiyar gida tukuna, kuma ka tsaya ka ji amsar.